Ƙwayar Masara Biyar

Tun kafin takardar ta sauka kan tabarma Kopila ta gane ta.

Ta gane hatimin asibitinsu, ta gane sunanta da aka rubuta da shuɗin biro shekara uku da suka wuce.

Ta kurɓi shayin da ke hannunta kamar ba komai.

Ranar ce Bhuwan ya fara kawo ta gaban mahaifiyarsa, Aama Harimaya, a gidansu da ke bayan garin Pokhara. Sati guda ya yi yana koya mata yadda za ta zauna da abin da za ta ce, sai ka ce jarrabawa za ta shiga. Abin da bai faɗa mata ba, don shi ma bai sani ba, shi ne za su tarar da Menuka zaune a gefen tsohuwar, ta ci kwalliya kamar ita aka zo gani. Menuka 'yar maƙwabta ce, kuma ita ke kula da ɗakin ajiye takardu a asibitin kunnen da su ukun suke aiki. Tun suna yara take ɗaukar Bhuwan a matsayin nata, shi kuwa gogan bai taɓa sanin ana yi ba.

"Karanta mini," in ji Aama, ba ta ko dubi Kopila ba.

Menuka ta gyara murya, ta fara karantowa a hankali, tana tauna kowace kalma.

"Yawan zubar ruwa daga kunne... biyar cikin biyar. Wari... biyar. Jin kunyar shiga mutane... biyar."

Bhuwan ya miƙe zumbur, idonsa ya kaɗa. Kopila ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ya koma ya zauna.

"Menuka didi, kin tsallake ta bakwai," ta ce, tana kiranta yadda ake kiran yaya mace a yarensu. "Wadda take tambaya ko kunne na hana ni wanka a kogi. Ita ma biyar na ba ta. Tunda sata kika yi, ai da kin haɗo da 'yar uwarta, wadda na cike wata shida bayan tiyata. Suna cikin jaka ɗaya."

Menuka ta rasa inda za ta sa fuskarta. Aama kuwa ta ce ita ba ruwanta da takarda ta biyu. Ɗanta ɗaya tilo ne, ubansa ya mutu ya bar mata shi yana goye, kuma ba za ta bari a shigo mata da ruɓaɓɓen kunne cikin gida ba, gobe jikokinta su gada. Ta ce muddin tana numfashi, hannunta ba zai sa wa wannan yarinya albarka a goshi ba.

Kopila tana saurare, amma idonta na wani aiki daban.

Ta lura tsohuwar ta zauna ta ba bango kunnenta na dama. Ta lura duk wanda ya yi magana sai ta ɗan karkato masa da kai ta hagu. Mayafin ulu ya rufe kunnuwan ruf, ga turaren tsinke uku na ci a ɗaki ɗaya da rana tsaka. A ƙarƙashin turaren da ƙamshin man mastad na girki akwai wani wari siriri, wanda duk garin nan ba mai gane shi sai wanda ya kwana da shi a matashinsa shekara goma sha takwas.

Kalma ɗaya ta isa ta kifar da ɗakin, kuma kalmar tana kan harshenta.

Ta haɗiye ta.

Ta ajiye kofi, ta ɗauki takardarta ta ninke, ta haɗa tafukanta ta gaida tsohuwar cikin ladabi, ta fita.

Bhuwan ya cim mata a hanyar da ke gangarawa tashar mota. Ko a cikin wannan tashin hankali sai da ya zagayo ta hagunta, yadda ya saba tun lokacin da kunnenta na dama ba ya jin komai. A ɗakinsa na awon ji suka fara haɗuwa, ita mara lafiya, shi mai sa mata abin saurare a kai. Ta warke, ta yi kwas, ta dawo asibitin da aiki. Yanzu ita ke zama da masu jiran tiyata tana yi musu tambayoyin takardar nan guda goma sha biyu, kafin a yi aiki da kuma wata shida bayansa, don likitoci su san ko rayuwar mutum ta sauya, ba dodon kunne kaɗai aka liƙe ba.

"Kopila, rabin raina, tsaya mana," ya ce yana haki. "Zan bar gidan. Mu kama ɗaki a cikin gari, mu yi aurenmu."

"Wa za ka bar wa Aama?"

"To yaya zan yi? Ba zan iya rayuwa babu ke ba."

"Za ka iya, sai dai ka rame," ta ce, har da murmushi. "Ni ba zan shiga gidanka ta taga ba, Bhuwan. Ta ƙofa zan shiga, kuma hannunta ne zai sa mini albarka."

Ya tambaye ta ta yaya, bayan duk abin da ta ji da kunnenta. Ta ce ya bar mata. Ta kalli wannan kyakkyawan mutum da ya auna jin rabin ƙauyukan tsaunin nan, amma bai taɓa tambayar kansa me ya sa uwarsa ba ta amsa kira daga dama ba. Tausayi da haushi suka kama ta lokaci guda. Sai dai sirrin ba nata ba ne, don haka ba ta faɗa masa ba.

Maganar Menuka ba ta ɗauki dogon lokaci ba. Kopila ta shiga ofishin babbar likita ta ajiye takardar, ta faɗi inda ta tsince ta. Ta ce ba don kanta ta zo ba. Mata ɗari bakwai ne suka faɗa mata abin da ko mazajensu ba su sani ba, bisa alkawarin cewa zancen zai tsaya a cikin jaka. Kafin sati ya ƙare an karɓe makullin ɗakin takardu daga hannun Menuka. Ba ta daddara ba, ta koma zuga tsohuwar cewa a sa ranar baikonta da Bhuwan kafin damina, a huta.

Kopila ta bari sai ranar da Bhuwan ke da aikin safe, Menuka ma tana asibiti. Ta hau mota ta farko, jakarta ɗauke da sabuwar takarda, ɗan faifai, da ƙullin masara.

Ta tarar da Aama a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta yi gaisuwa ta dama, shiru. Ta zagayo ta hagu ta sake.

Tsohuwar ta ɗago, fuska a murtuke, ta ce wa ya gayyato ta.

Kopila ta ce ba wanda ya gayyato ta, kuma ba maganar Bhuwan ta kawo ta ba. Ta zauna a ƙasa, ta shimfiɗa faifan, ta zube ƙwayar masara biyar a gefensa. Ta yi bayani kamar yadda take yi wa kowa. A takarda an ce mutum ya zaɓi lamba daga sifili zuwa biyar, amma matan ƙauyukan nan ba su san wannan ba. Ka tambayi mace a gaban mijinta ko surukarta, za ta ce lafiya lau ko da kunnen na tsiyaya har wuya. Ka tambaye ta a gaban likita, za ta ce ta warke sarai don kada ta ba shi kunya. Shi ya sa Kopila ke korar kowa daga ɗaki, ta rufe ƙofa, ta ba mace masara. Ba sai ta buɗe baki ba. In abu bai dame ta ba, ta bar faifai wayam. In ya kai maƙura, ta zuba biyar.

"Ina ruwana da wasan yaranki?" in ji Aama.

"Babu kowa a gidan nan, Aama. Daga ni sai ke sai kaji."

"Tashi ki fita."

Kopila ba ta tashi ba. Ta janye gashinta daga bayan kunnen dama, ta juya, ta nuna mata siririn tabon tiyata.

"Ina da shekara huɗu ya fara. A makaranta ba mai zama kusa da ni. Audugar da na cusa a kunnen nan ta isa katifa. Na san dabarar turare, na san ta mayafi, na san zama a jikin bango. Tambaya ta farko, Aama... a wata shidan da suka wuce, yaya zubar ruwan kunne ta dame ki?"

Tsohuwar ta ci gaba da tsintar shinkafa kamar ba da ita ake ba.

Kopila ta jira. Jira ne rabin aikinta, kuma ta iya shi. Kaza ta zo za ta tsinci masarar, ta kore ta. Rana ta matso kan dakali.

Can sai wani busasshen hannu ya miƙo. Ƙwaya ɗaya ta faɗa kan faifai, ta biyu ta bi ta. Hannun ya tsaya, sannan ya share ragowar ukun gaba ɗaya ya tura.

Kopila ta rubuta biyar, ba ta ɗago kai ba. Ta mayar da masarar gefe ta karanta ta gaba.

Wari, biyar. Ji a cikin hayaniya, biyar. Jiri, biyu. Da aka zo tambayar wanka, tsohuwar ta zuba biyar da ƙarfi har ɗaya ta yi tsalle, daga nan kuma bakin ya buɗe. Ta ce shekara arba'in da ɗaya ke nan, duk bikin mata na ƙarshen damina, kowace mace sai ta nutsa a kogi ta wanke zunubinta, ita kaɗai ke tsayawa a gaɓa tana yayyafa wa kanta ruwa, tana cewa sanyi ne ba ya yi mata daɗi. In ruwa ya shiga kunnen, sai ta yi wata tana zazzaɓi. Ta ce sati biyu da aurenta uwar mijinta ta ji warin, ta hana ta girki in an yi baƙi, ta ware mata kwano da matashi. Kullum ana ɗura mata man mastad mai ɗumi a kunnen, abin sai gaba yake yi. Mijinta har ya mutu bai taɓa kwanciya ta damanta ba.

"Da Menuka ta karanta takardarki, ji na yi kamar ni ake tona wa asiri," ta ce. "Na ga kaina ne ya sake shigowa gidan nan da kayan amarya. Na tsane ki, yarinya. Har cikin raina na tsane ki."

"Na sani."

"Ranar nan kin gane, ko?"

"Tun kafin in tashi."

"Me ya hana ki faɗa? Ai da kin gama da ni a gaban ɗana."

"An yi mini, na san zafinsa."

Tsohuwar ta share ido da gefen mayafi. Kopila ta gaya mata gaskiya ba ƙari: ciwon ba gadonsa ake yi kamar gona ba, likita ce za ta duba ta faɗi abin da zai yiwu, ba lallai ji ya dawo duka ba, amma sau da yawa kunnen kan bushe. Aama ta yi tsaki, ta ce kada fa ta ɗauka wannan zai saya mata Bhuwan.

"Ban zo ciniki ba, Aama. Ranar Laraba likita ke ganin sababbi."

Ranar Larabar Aama ta zo a lulluɓe kamar mai zuwa satar kaza. Sharaɗinta ɗaya ne, kada ɗanta ya sani. To amma ba a yi wa mutum tiyata sai an auna jinsa, kuma mai awon ji ɗaya ne a asibitin. Kopila ta faɗa mata haka ƙarara, ta ce zaɓi nata ne. Tsohuwar ta daɗe zaune a kan benci tana murza carbin wuyanta. Daga baya ta miƙe da kanta ta tura ƙofar.

Bhuwan ya ɗago ya ga uwarsa, ya ga katin da ke hannunta. Sai da Kopila ta taɓa kafaɗarsa sannan ya tuna da aikinsa. Ya zaunar da ita a ɗan ɗakin gilashi, ya zame mayafin da hannunsa, ya ga audugar. Ya koma kan na'ura ya fara aika sauti ta dama. Ya ƙara, ya sake ƙarawa. Tsohuwar tana kallonsa ta gilashi, tana jiran a fara.

Nan hawaye ya ɓalle masa.

Shekara nawa yana mita cewa Aama ba ta kula shi in ya yi magana, ashe ta ɓangaren da ba ya aiki yake yi. Da aka gama ya durƙusa ya ɗora goshinsa kan ƙafafunta, ita kuma ta dungure masa kai ta ce ya tashi, mutane na kallo.

Aka yi tiyata a ƙarshen sanyi. Kopila ce ta koya mata yadda za ta toshe kunnen in za ta wanke kai, ita ce kuma ta ƙwace kwalbar man mastad ta kai kicin, ta ce nan ne wurinta. Duk wannan hidima, tsohuwar ba ta taɓa tada maganar aure ba. Ta daina karɓar zugar Menuka, amma ba ta ce a'a ba, ba ta ce e ba. Bhuwan ya rame kamar yadda aka yi masa alkawari.

"Har yaushe, masoyiya?" yake tambaya kusan kullum.

"Wata shida ake jira kafin takarda ta biyu. Kai ma ka san ƙa'ida."

A gabansa take wannan ƙarfin hali. A ranta kuwa ta san za ta iya tashi a tutar babu: tsohuwa ta warke, ta yi godiya, ta aura wa ɗanta wata. Ta auna wannan, ta ga ko da haka ta faru ba za ta yi nadamar hawa motar nan ba. Sai dai tana son Bhuwan, so mai tsanani.

Ranar cikar wata shida ta faɗo washegarin bikin mata. Aama ta shigo ɗakin tambayoyi da hantsi, Bhuwan na biye da ita. Kopila ta nuna masa ƙofa, ta ce dangi a waje suke jira, ko da ma'aikata ne. Ta rufe, ta shimfiɗa faifai, ta zube masara.

Tsohuwar ta ce ba sai an wahala ba, a rubuta komai lafiya lau, likita ta yi ƙoƙari.

"Abin da kowa ke cewa ke nan, shi ya sa na kawo masara," in ji Kopila. "Zubar ruwa?"

Faifai wayam.

Wari, wayam. Da aka zo ji a cikin hayaniya, Aama ta yi jim, ta saci kallon ƙofa kamar likita na laɓe, sannan ta ajiye ƙwaya biyu. Kopila ta rubuta biyu, ta ce haka ake so, ita ma nata har yau biyu ne.

"Ta bakwai. Yaya kunne ya hana ki wanka a..."

Tsohuwar ba ta bari ta ƙarasa ba. Ta zame mayafinta ya sauka kan kafaɗa, kunnuwa biyu a waje, ba auduga. Ta ce jiya, bayan likita ta ba ta izini, ta shiga kogi tare da matan unguwa. Sau uku ake nutsawa, ita sai da ta yi bakwai, har aka fara ihu ana cewa a riƙo tsohuwa kada ruwa ya tafi da ita. Tana faɗa tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

Kopila ta rubuta sifili.

Da suka kai ƙarshe ta fara tattara kayanta. Aama ta dafe faifan.

"Saura tawa tambayar. Ke ma ba sai kin buɗe baki ba." Ta tura mata masarar. "Wannan sakaran da ke tsaye a bakin ƙofa... yaya ya dame ki?"

Kopila ta dubi tsohuwar, ta dubi ƙwayoyin. Ta kwashe biyar ɗin ta zuba. Sannan ta kwance ƙullin ta juye ragowar masarar duka, har tana gangarawa ƙarƙashin tebur.

"Haka na zata," in ji Aama.

Ta zaro ɗan ganye a naɗe daga ɗamararta. A ciki akwai jar shinkafar albarka da ta kwaɓa tun da safe a gida. Ta ɗiba da yatsu uku ta manna a goshin Kopila, ta danna sosai don kada ta faɗi.

"Buhari," ta kira ta, sunan da ake kiran matar ɗa a yarensu. "Buɗe masa ƙofa, kafin ya karya ta."

Bhuwan ya faɗo ciki, don dama kunnensa na manne da ƙofar. Ya ga jan da ke goshin Kopila, ya ga masara warwatse a ƙasa. Sai ya nufi hagun uwarsa zai yi mata godiya.

Tsohuwar ta kama hannun rigarsa ta zagayo da shi.

"Ta nan za ka faɗa," ta ce, ta juyo masa da kunnen dama. "Kuma a hankali. Ina ji."